Neman Tanka Mai Wutsiya

Ku samarin rumfar cajin waya ta bakin tashar Agiye, maganarku ta iso ni. Wai Baba Hamisu ba shi da sana'a, kayan wasan yara yake sayar wa masu furfura, kuma duk mai waya a hannu zai iya yi yana kwance a kan benci. Ɗayanku, mai askin nan da ya yi kama da gonar da aka fara sharewa aka fasa, har ya ce kafin damina zai kwashe mini masu saye. To bismilla, ga fili. Amma bari in fara gaya muku abin da ake sayarwa, don kada ya je ya kinkimo motar roba mai batir da kiɗa ya ce ya samo tanka.

Abin da nake nema kwali ne. A bayansa akwai zanen tankar yaƙi ta zamanin da, irin waɗanda Turawa suka fara ƙerawa a yaƙin duniya na farko, masu kama da tankin ruwa da aka ɗora a kan sarƙa. In ka buɗe ba za ka ga tanka ba. Raga za ka gani ta roba, uku ko huɗu, kowace da ƙananan gutsattsari manne a jikinta, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba, sai takarda mai zane da ke nuna wane yanki ke hawa kan wane. Wanda ya saya shi zai yanke, ya goge, ya manna da gam, ya shafa fenti, har tanka ta tashi wadda ba ta fi tafin hannu ba. Kwali, takarda, raga. In ɗaya ya ɓace, abin da ke hannunka shara ne.

Kun ce a waya ake saye. Ku gwada mana. Irin waɗanda ake nema an daina yin su tun kafin a yi muku aski na farko, sai dai a ɗakin tarkacen wani tsoho a Turai. In ka dace ka same shi, zai tambaye ka lambar gida da sunan titi. Ka rubuta masa bayan masallaci, kusa da injin niƙa, ka ga ko zai sake amsa maka. Wanda ya yi ƙarfin hali ya aiko kuwa, kwalin zai iso kamar jaki ya yi birgima a kansa. Tamu hanyar ta gwanjo ce. Tsoho ya mutu a can, 'ya'yansa su kwashe kayan ɗakinsa su ba masu tarawa, a ɗaure su da takalma da 'yar tsana da tsofaffin tukwane, a cusa a kwantena, ta sauka a bakin teku, ta hau babbar mota har Maradi. Daga nan dila ke watsuwa kasuwannin ƙauye. Sai ka yi ta buɗe dila har hannunka ya yi kanta ba ka ga ko ɗaya ba.

A hannun Baba Sanda na koya, Allah Ya jiƙansa. Dillalin gwanjo ne a Maradi, wanda a ƙuruciyarsa ya yi wa wani Bature likitan dabbobi kuku, a can ya ga yadda ƙato mai gemu ke rufe ƙofa yana manna roba yana fito da harshe waje. Ranar da na fara, ya miƙo mini kwali biyu ya ce in zaɓi mai kyau ba tare da na buɗe ba. Na zaɓi mai sheƙi. Ya karɓa ya girgiza a kunnena, abin ya yi ƙaras-ƙaras kamar tsakuwa a gwangwani.

"Ka ji? Wanga an hwara yanka shi an gaji. Rabinshi na ƙarƙashin gadon mai shi can Turai. Kai za ka tahi ka ɗauko?"

Ya girgiza ɗayan, tsoho mai tabon ruwa a gefe, sai ya yi sauti mai nauyi, raga na gugar raga. Ya ce wannan ba a taɓa shi ba. Bayan kunne ya koya mini hanci: ka ɗaga murfi kaɗan ka shaƙa, in ka ji warin gam, wani ya riga ka lalata shi. Ya koya mini kada in nuna wa mai dila na ƙyalla ido a kan abu, in fara taya 'yar tsana mai ƙafa ɗaya, in zagi kayansa, sannan in ce ya haɗa mini da wancan kwalin don in sa goro. Shekarun da na yi a ƙarƙashinsa, ranƙwashi na sha fiye da fura, kuma ban ga wanda ya tafi a banza ba.

Kayan aikina duka jakar hannu ke ɗauka: hantsaki, abin yankan farce, reza, gilashi mai ƙara girman abu, tsohon buroshin haƙori, ledoji, da tawul da nake naɗe kwali in ɗora a cinya. Ba a ɗora kwali a saman mota. Na ga wani mai wayo irinku ya ɗaure nasa a sama tare da buhunan albasa, ya taso daga Maradi da azahar, kafin Tasawa bakin bindigar ya lanƙwashe ya zama lauje.

Masu saye ba su da yawa, kuma kusan duk suna jin kunya. Akwai hafsoshi a Yamai da ke aiko direba ya karɓa a naɗe a jarida. Akwai wani mai farmasi a Katsina da ke ce wa iyalinsa kayan awon magani ne. Akwai malamin lakol a Tasawa da ke rantsuwa don ɗalibai yake saye, alhali ba ɗalibin da ya taɓa ganin ko murfin. A shingen hanya kuwa, in jandarma ya buɗe tawul ya ga zanen tanka, sai ka sauka ka yi bayani. Wani ya taɓa riƙe ni har fasinjoji suka fara tsaki, ya duba raga ɗaya bayan ɗaya, ya kira abokin aikinsa, suka yi shawara, sannan ya tambaye ni cikin sanyin murya ko ina da mai jirgin sama.

Amma babbar abokiyar gabar sana'ar nan ba rana ba ce, ba duwan, wato kwastan, ba ce. Halinmu ne na rashin zubar da komai. A kasuwanninmu, in mai dila ta buɗe kwali ta ga ba tanka a ciki, sai ta ce fasasshe aka sa mata, ta tsine wa Turawa, sannan ta yi abin da ta saba. Kwali mai kyau ne, mai shayi ko tela zai saya ya zuba kaya. Takarda a haɗa ta da sauran takardu a sayar wa mai ƙosai. Roba a jefa a buhun masu tara roba, a niƙe ta. Kafin la'asar tanka ɗaya ta rabu gida uku, kowa kuma ya tafi yana ganin ya yi dabara. Wanda bai san wannan ba, ko wayarsa ta kai faranti girma, bai san sana'ar ba.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai na Sarjan Nomau ne, tsohon soja a Gidan Rumji, wanda ya ƙare aikinsa yana gyaran motocin bariki. Shi ya aiko a kira ni. Na same shi a fadarsu, inda suke zaman hira ƙarƙashin bishiyar bedi, dogo, busasshe, ya kafa hula kamar za a yi fareti. Da na gaishe shi sai ya karkato da kai gefe ya dube ni da idon dama kawai.

"Kai ne Hamisu mai tanka?"

"Ni ne, Baba."

"Shar nike so." Haka sojojinmu ke kiran tanka. "Ƙarama ta Hwaransa, ta yaƙin farko, mai mutum biyu ciki. Mai wutsiya."

Yana rufe baki fada ta kwashe da dariya. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa wani gajere ne mai tumbi, Alhaji Labo mai awon hatsi, sa'an Sarjan tun suna kiwon awaki. Har da share hawaye da bakin rawani.

A nan na ji tushen maganar. Kakan Sarjan, Barmu, yana cikin waɗanda Faransa ta kwasa zuwa yaƙin farko. Ya dawo da tari da lambar ƙarfe da labarai. Ya ce ya ga ruwa ya daskare an yi tafiya a kansa, aka yarda. Ya ce ya ga mota babu taya tana tafiya a kan sarƙa, kanta na juyawa yana aman wuta, aka ce ikon Allah. Sai ya ce tana da wutsiya ta ƙarfe a baya, wadda ke tare ta kada ta kife in za ta tsallake rami. A nan gari ya ce a'a, Barmu ya wuce gona da iri. Wa ya taɓa ganin mota da wutsiya, saniya ce? Tun daga ranar aka sa wa gidan suna Gidan Wutsiya. Barmu ya mutu da sunan, ɗansa ya mutu da shi, Sarjan ya yi soja ya dawo ya tarar sunan na jiran sa a ƙofar gida. Ko yau in mutumin gidan ya kawo labari a kasuwa, sai a tambaye shi ko da wutsiya. Alhaji Labo kuwa gaisuwarsa ke nan kullum: "Sarjan, ina kwana, ya wutsiya?"

Na ce to ai abin da sauƙi, hotonta na cikin waya, ga shi. Kun ga, ni ma na taɓa yin wauta irin taku na ɗan lokaci. Alhaji Labo ko kallo bai yi ba.

"Waya? Ni cikin waya na ga akuya na tuƙin mota. Kai dai kawo wani abu."

Sarjan ya jawo ni gefe ya faɗa mini sharaɗinsa. Yana son kwalin da zanen, yana son takardar masu ƙerawa, yana son wutsiyar tana manne a jikin ragarta yadda aka zubo ta.

"Kada ka yanke ta. In ta rabu da raga, Labo cewa za ya yi ni na sassaƙa ta da hwasasshen bokiti. Kuma ka yi hanzari, ɗana. Idon hagu ya tahi. Na dama likita ya ce hawan jinin ido ne, ba ya komowa baya. Yanzu kamar ta cikin kara nike kallon duniya. So nike in gan ta da wanga guda da ya rage."

Na ce masa kafin a cire gero in Allah Ya yarda. Ban faɗa a banza ba, a lokacin dila na zuwa kamar ruwa, kuma na taɓa samun irinta sau ɗaya na sayar wa mai farmasi.

Sai aka rufe iyaka. Kun san shekarar, ku ma a lokacin rumfarku ta koma wurin barci saboda rashin wuta. Kwantena ta daina zuwa ta hanyar da ta saba, wadda ta zagayo kuwa abinci da magani ake fara ɗorawa, ba tarkacen matattun Turawa ba. Hafsoshina suka sami tankokin gaske da za su yi tunani a kai. Na kira mai farmasi in roƙe shi ya mayar mini da tasa, ya ce ya riga ya haɗa ta, ya yi mata fenti har da taɓon ƙarya a sarƙa. Na koma sayar da bokitai da gyaran tocila a bakin kasuwa, ni da Baba Sanda ya horar. Masu dila suka shiga buɗe tsofaffin ɗaurin da suka jibge a ɗaki tun tuni, na bi su kasuwa kasuwa a kan kabu-kabu, har Gidan Sori na je a bayan amalanke saboda wani ya ce ya ga kwali mai bindiga. Da na isa, na tarar bindigar ruwa ce ta yara.

Duk lokacin da hanya ta bi da ni Gidan Rumji nakan tsaya in gaishe shi. Da farko tun daga bakin titi yake gane ni. Daga baya sai na zo gab da tabarma. Gero ya nuna, aka cire, aka ci, aka sake shuka wani. Bai taɓa ce mini ina alkawari ba, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Alhaji Labo ne ke tambaya a madadinsa, ko wutsiyar ce ta maƙale a duwan.

Ran wata kasuwar Gazawa na zauna wurin mai shayi, ba don komai ba sai don ƙafata ta gaji. Ya miƙa hannu kan katako ya jawo kwalin da yake zuba sukari. Na ga zanen a juye: ƙaramar tanka ta ɗaga gaba tana hawa tudu, ga abu a bayanta ya tokare ƙasa. Shayin ya sarƙe ni. Na tuna Baba Sanda, na daure, na fara zagin kwalin, na ce tururuwa za ta cinye masa sukari, mutum mai sana'a kamarsa gwangwani ya kamata ya samu. Ya ce ai shi ma ya gaji da su. Na tsallaka na sayo gwangwanin biskit mai murfi, muka yi musanya, yana ta yi mini godiya yana ganin ya sami wawa. Na tambaye shi inda ya samo, ya nuna mini rumfar Hajiya Tabawa mai kayan yara.

Hajiya Tabawa mace ce mai jiki da murya, ta daɗe tana buɗe dila, kuma ba ta manta kayan da ya ɓata mata rai.

"Wanga? Kai ɗana, cuta ce. Hoto kamar gaske, ciki ko taya guda babu, wasu ƙashin kihi na roba. Na ba mai amalanken roba."

"Takardar fa, Hajiya?"

"Takarda kuma? Ta bi 'yan uwanta. Hajo mai ƙosai ta tashar Agiye ka kwashe mani su duk kasuwa."

Ga inda sana'a take. Robar tana nan cikin Gazawa, takardar tana Agiye. Mai askin nan da robar zai fara, don ita ce kusa. Ni na san buhun roba yana iya jira, amma ƙosai kullum safiya ake soya shi. Na hau motar farko na koma gida.

Hajo kun san ta, a gefen rumfarku take, ku ne ma ba ku barin kaskonta ya huce. Da safe na durƙusa gabanta na ce ina son in duba takardunta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗankwali, ta ce ita da mijinta. Na ce takarda kawai nake so. Ta ce ita ba ta sayar da takarda, ƙosai take sayarwa, takarda kyauta ce ga wanda ya saya. Haka na tsaya ina sayen ƙosai ina nuna wadda za ta naɗe mini a ciki, ina miƙa wa duk wanda ya wuce, har mutane suka ɗauka sadaka nake, wata tsohuwa ta tambaye ni wa ya rasu. Da Hajo ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta turo mini kwandon da ƙafa ta ce in duba in ba ta wuri. Ta riga ta yayyaga takardar gida huɗu daidai hannun ƙosai. Na sami uku a ƙasan kwando, mai ya jiƙa su har ana ganin yatsa ta baya. Ta huɗu, mai nuna yadda ake haɗa kan tankar, ta riga ta tafi. Ɗayanku ne ya ci ƙosai a ciki ya goge baki ya jefar, ban san ko wane ba, amma ina da wanda nake zato. Allah Ya taimake ni, zanen wutsiyar na cikin ukun da suka rage, da lambarta a gefe.

Na koma Gazawa neman mai amalanke. Da a shekarar lafiya ce, da tuni robar ta tsallaka iyaka an niƙe ta an yi buta, wani na alwala da ita. Rufewar da ta kashe mini kasuwa ita ta tsare ta: buhuna sun taru bayan kasuwa sun yi tudu, ba hanyar fita. Mai su ya ce in duba, in dai zan mayar da kowane buhu yadda na same shi. Ya ƙara da cewa roba mai ƙaras-ƙaras dabam yake ware ta, don masu niƙa ba sa son ta a cikin ta bokiti. Wannan ya rage mini aiki, amma bai rage rana ba. Na zazzage fasassun rediyo, murfin fanka, cokulan roba, ƙuda na bin fuskata, mata masu wucewa na cewa wayyo, dattijo da shi. A tsakiyar wani buhu na ji abin da kunnena ya sani, raga na gugar raga. Hajiya ta ɗaure su da tsumma wuri guda, Allah Ya saka mata. Ta sama zafi ya ɗan murɗe ta. Ta ƙasa wani abu ya danne ta ya karya ƙafar sarƙa. Na sa gilashi na bi ta tsakiya yanki yanki, na ga wutsiyar, lafiyarta lau, manne da uwarta, lambarta ta yi daidai da ta takarda.

Na wanke su da buroshi, na shanya a inuwa, na kakkaɓe sukari daga kwali, na mayar da kowa ɗakinsa, na naɗe a tawul. Daga Agiye zuwa Gidan Rumji a cinya na riƙe ta, wata mata ta so ta ɗora mini ɗanta na ce ina da nawa.

Bayan la'asar na isa, fada ta cika. Tun ina tsallako titi na yi tari, sai na ji Sarjan ya ce, "Hamisu ne." Na yi murna, na ce ashe da sauran ido. Da na matso na ga fuskarsa na kallon inda na yi tarin, ba inda nake ba. Alhaji Labo ya dube ni, ya shafa tafin hannu a kan idonsa, ya girgiza kai, ba dariya ko kaɗan. Raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci a sana'ar nan ba. Na zauna na ɗora masa kwalin a cinya.

Ya shafa shi gefe da gefe, ya ɗaga murfi, ya shaƙi ƙamshin sukari da man ƙosai.

"Hamisu, shar ka kawo mani ko karin kumallo?"

Aka yi dariya, ta fita da sauƙi don kowa na neman ta. Ya ciro ragar farko ya bi ta da yatsu, yatsun da suka yi shekaru suna laluben ƙusa a ƙarƙashin mota, ya ajiye. Ya ciro ta biyu. A tsakiyarta ya tsaya. Ya shafa yankin daga tushe zuwa baki, ya koma, ya taɓa inda ya manne da raga ya tabbatar ba gam. Sannan ya miƙa ta gaba.

"Labo, kai ka da ido. Dubi kwali. Dubi takarda. Dubi nan inda yatsana yake. Mi ne ne wanga?"

Alhaji Labo ya ciro tabarau ya maƙala. Ya dubi kwali, ya kai takardar saitin rana, ya juya ragar gaba da baya, ya ɗan ja yankin da farce ya ga ba ya motsi. Ya yi gyaran murya.

"To, ƙila dai garma ce."

"Garma a baya, Labo? Kai haka kake noma?"

Alhaji Labo ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Wutsiya ce, Sarjan."

"Mi ka ce? Kunnen ma ya hwara."

Mutumin da ya gane tarina daga tsallaken titi ke nan. Alhaji Labo ya ɗaga murya ya sake faɗi, har mai tsire na can gefe ya waigo.

"Ba ni za ka gaya ma ba," in ji Sarjan. "Ni ban je ba, ban gani ba. Wanda ya gani sunanshi Barmu."

Alhaji Labo ya mayar da ragar hannun Sarjan. Sannan ya ce, "Barmu bai yi ƙarya ba. Allah Ya jiƙan Barmu." Duk fada ta amsa da amin, har waɗanda ba su san an taɓa yin wani Barmu ba sai ta wurin tsokana.

Tankar an haɗa ta daga baya. Alhaji Labo ne ya haɗa, da hantsakina da na ba shi aro, Sarjan na zaune kusa yana ba da oda kamar a gareji yana ce masa baƙauye. Kan ya ɗan karkace saboda takardar da kuka ci ƙosai a ciki. Kuma in kun je za ku ga ba ta da wutsiya, don Sarjan ya hana a yanke ta. Tana aljihun gaban rigarsa, manne da ragarta. Sunan gidan bai canza ba, wa ke canza sunan gida a garinmu? Alhaji Labo ma bai daina gaisuwarsa ba, sai dai yanzu in ya ce ya wutsiya, Sarjan kan dafa aljihu ya ce lahiya lau, tana gaishe ka. Mai askin nan, in har yanzu kana son sana'ar, ka zo ran kasuwar Gazawa da tsofaffin kaya a jikinka, akwai sauran buhunan da ban duba ba.

A ranar dai, da aka kira magariba mutane suka tashi alwala, na miƙe zan bi su sai Sarjan ya kama bakin rigata. Ya jira har takun ƙafafu ya yi nisa, sannan ya ɗora yatsa a kan kwalin, a wurin da ba zane ma, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, yatsa bai gaya mani wanga ba. Cikin hoton, bakin wutsiyar sama ya ɗaga ko ƙasa ya sunkuya?"

Na ce, "Sama ya ɗaga, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya rufe kwalin a hankali.

"Haka Barmu ya ce."